Yadda Injiniya Shu'aibu Ya Yanke wa Lamba Wutsiya

In ka shiga unguwar Yelwa a garin Garwa ka ce Injiniya kake nema, ba wanda zai tambaye ka wanne. Shagon Shu'aibu za a nuna maka, inda ake fotokopi da gyaran waya. Ba makaranta ce ta ba shi wannan suna ba. Shi ya raɗa wa kansa, ranar da injin fotokopinsa ya ƙi tashi ya hura masa iska da baki, injin kuma ya ga dama ya tashi. Lise kuwa, wato sakandare, tun kafin jarrabawar brebe ta tsakiyar zango ya bar ta. A cewarsa malaman ne suka dame shi da tambayoyi, shi kuma ba ya koyar da kowa kyauta.

A shekarar da ake gyaran filin ƙwallon Rumde Ajiya, Karimatu 'yar ƙanen mahaifinsa ta dawo gida daga Ngaundare, inda take karatun digirin dakta a fannin lissafi. Ba hutu ta zo ba. Taro za a yi a Garwa na masu haɗa wata manhajar kwamfuta, ita aka ɗora wa shirya shi. Da yake a gidansu wuta sai ta ga dama take zuwa, kullum sai ta kawo kwamfutarta shagon Shu'aibu mai sola ta sa caji.

"Wai me kike ƙwaƙwala ne haka tun safe?" ya tambaye ta wata rana, yana leƙe ta bayan kafaɗarta.

"Sunanta Zobe, Yaya. Manhaja ce ta masu bincike a aljabara da jometiri. Lissafin da zai cinye wa mutum shekara da alli a hannu, ita kafin shayi ya huce ta gama."

"Wane kamfani ne ya yi ta?"

"Ba kamfani. Mutane ne daga Dakar, da Yamai, da Indiya, da Faransa. Cikinta a buɗe yake, kowa na iya gani. Wanda ya ga wurin gyara ya aiko, waɗanda aka amince wa su duba, in ya yi su haɗa. Ni ma bara aka ba ni mabuɗin haɗawa."

"To wa ke da ita?"

"Ta kowa ce."

Shu'aibu ya gyara zaman hularsa. "Ke yarinya ce har yanzu. Duk abin da kika ji an ce na kowa ne, mai shi ne bai iso ba."

Kafin la'asar duk layin ya ji labari: malaman duniya sun yi shekaru suna lalube a duhu babu shugaba, yanzu za su taru a Garwa su miƙa wa Injiniya ragama. Goggo Dela mai soya kifi a bakin shagon ta saurare shi tana juya giwan ruwa a cikin mai.

"In ka hau kujerar, yaushe za ka sauka?" ta ce.

"Sauka kuma, Goggo?"

"Ai na ce. Kai ɗan ƙasar nan ne na gaske."

Gyaransa na farko mai sauƙi ne. Ya lura idan aka buɗe Zobe babu abin da ke fitowa sai rubutu, kamar gidan da ba a share ba. Sai ya sa hotonsa a shafin farko, wanda ya ɗauka da Sallah, yana riƙe da wayar da ba tasa ba, ya aika. Washegari wani malami daga Dakar ya amsa da Faransanci: sun gode da gudummawarsa, amma ba a sa hoton kowa a manhajar. Shu'aibu ya buga amsar a takarda, ya sa almakashi daidai kan "amma", ya lulluɓe rabin farko da roba ya rataye a ƙofar shago.

"Ina sauran takardar?" in ji Goggo Dela.

"Gaishe-gaishe ne kawai."

"Yau na ga inda ake gaisuwa a ƙarshe, a yanke ta da almakashi."

Ya ga dai mutanen nan sai an nuna musu aiki mai nauyi. Ya sauke kwafin manhajar a tsohuwar kwamfutar shago, ya shiga bin cikinta kamar mai neman ƙwarƙwata. Rubutun bai gane ko layi ɗaya ba, sai da ya ci karo da wata tsohuwar abokiyar gabarsa tun lise: lambar nan da ake kira pi, wadda ake ninka faɗin da'ira da ita a sami tsawon kewayenta. Uku, birgil (wato ɗigo, a Faransance), ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar, haka ta miƙe ba ta da niyyar tsayawa.

Ya doki tebur. "Ga ciwon nan! Lamba ce ko jirgin ƙasa? Dole kwamfuta ta gaji!"

Karimatu ta fita duba zauren taro, babu mai ce masa kul. Ya goge duk abin da ke bayan birgil, ya bar uku cur. Ya fito bakin shago yana miƙa kamar wanda ya sauke buhu.

Ana haka sai ga Alhaji Dawuda, mahauci kuma dillalin shanu, ya zo fotokopin takardun likitan dabbobi. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙaramin haƙuri. Ya samu fili a hanyar kasuwar shanu, ya sa an ja igiya an zana masa da'ira, an kafa ginshiƙai da siminti, yana son garke na ƙarfe irin wanda ya gani a kudu. Abin da ya rage ya san tsawon ragar ƙarfen da zai yi oda daga Duwala.

"Baba Alhaji, Allah ne ya kawo ka," in ji Shu'aibu. "Wannan manhajar, farfesoshi ke layi a kanta. Kai ne mutum na farko da zai ɗanɗana sabon gyarana. Faɗin nawa?"

"Mita ashirin."

Shu'aibu ya danna nan, ya danna can, ya ƙura wa allo ido kamar boka da ƙasa. "Sittin. Daidai wa daida. Ko ƙusa ba za ta yi saura ba."

"Ka tabbata, Injiniya?"

"Baba, ni na gyara lambar da hannuna."

Raga ta iso bayan mako biyu. Marcel mai walda ya kama aiki da yaransa, suka bi ginshiƙai suna ɗinkewa, har da ƙofa mai sakata. Da suka zagayo inda suka faro sai ƙarfe ya ƙare, garke bai ƙare ba. Ga wani giɓi nan a buɗe, wanda mota ƙarama za ta shige ba ta goga madubi ba. Alhaji Dawuda ya aika aka ɗauko masa Shu'aibu a moto, wato babur na haya.

"Mene ne wannan?"

Shu'aibu ya zagaya giɓin, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya ya auna da babban yatsa. "Marcel ya ci ƙarfe."

"Ni akuya ce?" in ji Marcel. "Ga mita, auna. Sittin aka kawo, sittin na liƙa."

"To ƙasar ce ta buɗe. Zafin Garwa ba abin da ba ya kumburawa."

"Kai ɗan Mahmudu," Alhaji ya ce yana nuna shi da carbi, "jibi motar shanuna za ta iso daga Meiganga. Ƙarfe kuwa ko yau na yi oda sai ya kwana goma a hanya. A aljihunka zan zuba su?"

Nan Shu'aibu ya nuna shi ba a rasa dabara a wurinsa. Dama ya sa an buga masa wani ƙaton allon tamfol saboda ranar taro, da hotonsa tun daga hula har takalmi, an rubuta a ƙasa: INJINIYA SHU'AIBU, UBAN ZOBE. Ya ce zai ara wa Alhaji shi a toshe giɓin.

"Sa ba ya bin inda bai ga hanya ba, Baba. Ilimi ne. Kuma idan suka ga fuskata za su natsu."

Alhaji ya yi tsaki, amma ba shi da zaɓi. Aka ɗaure tamfol da igiya.

Shi kuwa gyaran pi tun ranar da ya yi shi ya aika wa masu Zobe. A manhajar akwai gwaje-gwaje da ke tashi da kansu duk lokacin da aka aiko gyara: idan lissafi ya fita daidai a ga koren maki, idan ya karkace a ga ja. Na Shu'aibu ya dawo jawur kamar mahauta ranar kasuwa. Wata mata daga Indiya ta rubuto masa a takaice ko wasa yake yi. Wannan amsar bai buga ta a takarda ba.

"Hassada ce," ya ce wa Goggo Dela. "Sun ga ɗan Yelwa ya gano abin da ya gagare su."

"Ni dai kifi in ya yi ja a mai, cewa nake ya ƙone."

Ana gobe taro, Karimatu ta shigo shagon da rana a gurguje. Malamarta Madam Odette, wadda ke duba aikin digirinta, ta iso daga Ngaundare, za ta je tarbarta a tasha. Ta jona kwamfutarta a caji ta bar ta a buɗe.

"Yaya, wani dogon lissafi take yi, shi zan nuna gobe. Don Allah ko ƙuda kada ka bari ya sauka a kanta."

"Je ki abinki. Amana ai gidanta kika kawo."

Motonta bai sha kwana ba ya ja kujera. Ga mabuɗin haɗawa a gabansa, babu malamin Dakar, babu matar Indiya. Ya zura gyaransa, jajayen maki suka taso. Ya zauna yana kallonsu, sai wata hikima ta faɗo masa: waɗannan gwaje-gwajen su ne 'yan tsegumin. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Duk wanda ya yi ja ya tafi. Da ya gama, allo ya koma kore shar kamar bakin kogin Binuwai da damina. Ya danna haɗawa. Gyaran Shu'aibu ya shige uwar manhajar, wadda duk duniya ke sha daga gare ta.

Ya fito ya sayi kifi biyu, abin da bai taɓa yi ba.

"Lafiya?" in ji Goggo Dela.

"Gobe ki sa atamfarki mai kyau. Za ki ga abin da za ki ba jikoki labari."

Zauren taron yana kan hanyar kasuwar shanu, bai fi jifa biyu daga garken Alhaji ba. Da safe aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, aka wangale ƙofofi don iska, aka tada ɗan janareta saboda majigi. Baƙi sun hallara, har da malamin Dakar, wasu kuma suna kallo daga ƙasashensu ta allo. Amma fuskar kowa a ɗaure take. Tun asuba saƙonni ke shigowa. Wani a Faransa ya ce duk da'irorinsa sun ƙi rufuwa. Wata ɗaliba a Yamai ta ce lissafin da ta yi wata guda tana jira ya fito da amsar da ko ɗan firamare ba zai yarda da ita ba. Karimatu ta sabunta kwafinta ta buɗe don ta nuna aikinta, siffar da ta yi shekara uku tana bincike a kanta ta fito a bango kamar ƙwaryar da jaki ya taka.

Madam Odette ta miƙe. Mace ce gajera mai farin gilashi, ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

Daidai lokacin Shu'aibu ya shigo da babbar riga mai aiki har gwiwa, bayansa Goggo Dela da atamfarta, da tela, da mai aski, da rabin layinsu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne.

"Abin da aka yi jiya," Madam Odette ke cewa da Faransanci, "tun da na shiga wannan fage ban taɓa ganin irinsa ba. Daga Dakar har Indiya babu wanda bai ji a jikinsa ba. Kuma da mabuɗin Karimatu aka yi shi."

Karimatu ta san abin da ke biye: a karɓe mabuɗi, a sa alamar tambaya a kan duk abin da ta taɓa haɗawa, digirin da ya rage wata biyu ya koma sai yadda hali ya yi. Idonta ya kawo ruwa.

"Ƙarya ne!"

Duk zauren ya waiwayo. Shu'aibu ya ratsa tsakiyar kujeru yana baza hannun riga.

"Wallahi ba za a yi wannan zalunci ina raye ba! Ni na yi aiki, a ba yarinya suna? Tana tasha lokacin! Ni na zauna a kwamfutarta, ni na yanke lambar, ni na share 'yan tsegumin nan masu jan ido. Goggo Dela shaida ce, har kifi biyu na saya!"

"Ya saya," in ji Goggo Dela. "Ni ma na ce ba lafiya ba."

Madam Odette ta cire gilashinta ta goge. "Musye, kai ne wa?"

"Injiniya Shu'aibu."

"Injiniyan me?"

"Duka."

"Kai ka mai da pi uku?"

"Ba sai kin gode ba, Madam. Wutsiya ce kawai na rage mata."

"Gwaje-gwajen kuma da ka goge?"

"Kin ga ja ko ɗaya yanzu?"

Malamin Dakar ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya. Daga cikin allo aka ji matar Indiya tana tambaya da Turanci ko mutumin nan ne. Shu'aibu ya ɗaga mata hannu.

"Kun ji? Har can an san ni."

"Yaya," Karimatu ta ce, "amana fa na ba ka."

"Shi ya sa na riƙe ta da hannu biyu."

Karimatu ta zauna, ta danna abin da za ta danna, domin a irin wannan aikin duk gyaran da aka haɗa ana iya warware shi. Kafin Shu'aibu ya gama gyara wuyan rigarsa, pi ta dawo da wutsiyarta, gwaje-gwaje suka koma mazauninsu, siffar da ke bango ta miƙe ta zama abin kallo. Zauren ya ɗauki tafi.

Shu'aibu ya rusuna ya amsa tafin. Sai da mai aski ya ja shi ya raɗa masa cewa aikinsa ne aka share.

"Aka me? Aikin yini guda? A gaban idona?" Ya haye kan dandamali ya ƙwace makirufo. "Jama'a, ku shaida! Lissafina a aikace yake! Yanzu haka akwai garken shanu a bayan nan da aka gina da lambata, ku je ku gani in ko ɗan maraƙi..."

Ihu ya taso daga waje. Sai ƙarar kofato.

Abin da ya faru shi ne, shanun Meiganga sun kwana lafiya saboda gajiyar hanya. Da hantsi iska ta taso, tamfol ya fara kaɗawa, Shu'aibun jikin hoto ya shiga rusunawa yana miƙewa a gaban wani jan bijimin Bororo mai ƙaho kamar rassan kuka. Bijimin ya jure iya jurewa, sannan ya ja da baya ya ba shi amsa. Sauran suka ga hanya suka bi.

Farkon abin da mutanen zaure suka gani shi ne fuskar Shu'aibu tana shigowa ta ƙofa a guje, da ƙaho ɗaya ta kunne, ɗaya ta aljihu, ƙafafu huɗu a ƙasa. Tamfol ya rufe wa bijimin ido, ga shi ya ji inuwa. Kujeru suka tashi sama. Malamin Dakar ya fita ta taga da jakarsa a baki. Madam Odette ta rungume majigi ta hau tebur. Karimatu ta ɗaga kwamfutarta sama da ka kamar mai tsallake kogi. Goggo Dela ce kawai ba ta gudu ba, ta maƙale a bango tana dariya har ɗankwalinta ya faɗi.

"Ga Uban Zobe nan ya zo karɓar kujerarsa!"

Shu'aibu na gaske ya diro daga dandamali ya yi waje, bijimin ya bi ƙarar takalminsa. Suka zagaya tsakar filin, Shu'aibu a gaba, Shu'aibu a baya, 'yan moto sun tsaya a bakin titi suna caca kan wanda zai ci. Ya kama reshen darbejiya ya haye, rabin babbar rigar ya zauna a ƙahon. Mahauta suka iso da igiyoyi suna "Kai! Hoo!", suka shawo kan bijimin da ƙyar. Sauran shanun kuwa sai da aka bi su har bakin gada.

Alhaji Dawuda ya iso ƙarshe yana haki, ya tsaya a gindin bishiyar ya ɗaga kai.

"Sauko."

"Baba Alhaji, daga nan ma ina jin ka sarai."

Karimatu ce ta yi wa Alhaji bayani, a gaban kowa, da Hausar da ba ta bar wa kowa wurin ɓuya ba: ashirin sau uku sittin ne, amma lambar ba uku ba ce, uku ce da birgil katorz, wato ɗigo sha huɗu, da 'yan kai. Wannan ɗan abin da aka yanke shi ne giɓin.

Alhaji ya jinjina kai. "Wato akwai saura, shi ya cire."

"Ƙwarai, Baba."

"To alhamdu lillahi. Wanda ya cire shi zai mayar."

Aka ci gaba da taro da yamma a ƙarƙashin bishiyoyi. Madam Odette ta ja kunnen Karimatu kan barin kwamfuta a buɗe, ta bar mata mabuɗinta. Mahalarta suka amince daga ranar ba mai haɗa gyara shi kaɗai sai mutum na biyu ya duba, dokar da suka yi shekaru suna gardama a kanta, bijimi ya yanke musu ita a safiya ɗaya.

Shu'aibu kuwa, Alhaji ya kai shi garke ya tsayar da shi a tsakiyar giɓin, ya damƙa masa sanda. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta nan ne wurin aikinsa har ƙarfe ya iso daga Duwala, da dare yaran Alhaji su karɓe shi. Motar ƙarfen kuma ta lalace a hanya. Rana ta Garwa ta gasa shi ta gaba, shanu suka shaƙe shi ta baya. 'Yan moto suka mai da wurin tasha: in fasinja ya ce a kai shi Birgil Katorz, ba a tambayar kwatance.

Ran nan Goggo Dela ta biyo ta wurin da tiren kifinta, ta same shi ya buɗe hannuwa da ƙafafu yana tare wani maraƙi.

"Sannu da aiki, Birgil."

"Ki yi dariyarki, Goggo," ya ce yana share gumi da guntun hannun riga. "Malaman duniya sun yi shekara dubbai suna bin lambar nan ba su ga ƙarshenta ba. Yau duk mai son ganin inda ta ƙare, sai ya zo Garwa ya same ni."

Maraƙin ya bi ta tsakanin ƙafafunsa ya fice.